Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Mai Binciken Ƙwaƙwalwa?

Kawuna tela ne a Tudun Wada, kuma ya fi shekara arba'in a kan keken ɗinki kafin hannunsa na dama ya soma karkarwa. Abin ya fara ne a hankali, ta yadda idan yana zaune hannun na kan cinya sai babban yatsa da manuni su riƙa murza juna kamar mai jan carbi, har ma abokan zamansa a ƙofar masallaci suka ɗauka lazimi yake yi. Daga baya zura zare a allura ya gagara, rubutun da yake yi a littafin awon kwastomomi ya ƙanƙance har shi kansa ba ya iya karantawa, fuskarsa ta daina nuna fara'a, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, kuma idan ya zo bakin zaure sai ya tsaya cak kamar an kafe shi. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce jifa ne daga abokan sana'a, aka yi tofi, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Sai bayan shekara uku wani likita ya dube shi yana shigowa ofis, tun kafin ya zauna, ya ce wannan cutar Parkinson ce, ya rubuta masa wata ƙwaya. Cikin makonni kaɗan Kawu ya koma ɗaure maɓallin rigarsa da kansa.

Tun daga lokacin nake bibiyar tarihin wannan ƙwaya da mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen gano yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa motsi, kuma bibiyar ta kai ni ga wata tambaya da nake ganin ta shafi jami'o'inmu da gwamnatocinmu kai tsaye, wato yadda ake gane cewa aikin mai bincike ya yi tasiri. Ra'ayina shi ne mudun da muke awo da shi a yanzu, na ƙirga maƙalu da yawan waɗanda suka ambace su, yana auna rabin tafiya ne kawai, kuma rabin da yake bari a baya shi ne ainihin wanda ya rataya a wuyanmu.

Idan ana neman misalin masanin da aikinsa ya sauya fagen cututtukan motsi, da wuya a tsallake Mahlon DeLong, likitan jijiya ɗan Amurka wanda ya rasu a shekarar 2024. Lokacin da ya fara bincike a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1960, abokan aikinsa sun riga sun raba sassan ƙwaƙwalwar da ake ganin su ne masu muhimmanci ga motsi, shi kuwa sai ya faɗa kan wasu curarrakin ƙwayoyin jijiya da ke can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda a lokacin ba a fahimci aikinsu sosai ba. Aikinsa shi ne ya zura siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar biri, ya saurari tartsatsin lantarkin ƙwayar jijiya guda ɗaya yayin da birin yake motsa hannu, ya rubuta, ya matsa zuwa ta gaba. Ya shafe shekaru a kan haka. Da wani ɗan majalisa ya leƙa ɗakin gwajin a shekarar 1975 ya tambaye shi majinyata nawa ya warkar, amsar ita ce ko ɗaya. A shekarar 1986 shi da abokan aikinsa biyu, Garrett Alexander da Peter Strick, suka wallafa bayanin cewa waɗannan curarraki suna aiki ne ta hanyoyi daban-daban da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, wata ta motsin jiki, wata ta motsin ido, wasu na tunani da shauƙi, kuma wannan taswira ita ce har yau ake koya wa ɗaliban likitanci.

Abin da ya mayar da taswirar magani ya zo ne ta hanyar da ba wanda ya tsara. A shekarar 1982, a jihar Kalifoniya, aka kwaso wasu matasa masu allurar ƙwaya zuwa asibiti jikinsu a sandare, ba sa iya motsi ko magana, kamar tsofaffin da suka daɗe da cutar Parkinson. Likita William Langston ya gano cewa hodar da suka yi allura da ita ta gurɓata da wani sinadari mai suna MPTP, wanda yake kashe daidai ƙwayoyin jijiyar da cutar take kashewa. Wannan musiba ta bai wa masu bincike damar haifar da cutar a jikin biri, DeLong kuma ya koma da wayarsa ya saurara, ya tarar cewa wani ɗan curi da bai kai ƙwayar wake ba yana aiki fiye da kima, yana danne motsi kamar direban da ya ƙi ɗaga ƙafa daga birki. A shekarar 1990, tare da Hagai Bergman da Thomas Wichmann, suka nuna cewa idan aka lalata wannan ɗan curi, birin da ya sandare yana komawa motsi. A can Faransa kuwa, a birnin Grenoble, likitan tiyata Alim-Louis Benabid, wanda mahaifinsa ɗan Aljeriya ne, ya riga ya lura tun 1987 cewa tura lantarki mai saurin bugawa cikin wani sashe na ƙwaƙwalwa yana tsayar da karkarwa ba tare da an ƙona komai ba. Da ya ga sakamakon birai, sai a 1993 ya dasa wayar a wannan ɗan curi a jikin mutum. Daga nan aka samu tiyatar da ake dasa waya a ƙwaƙwalwa da ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda dubban mutane suke rayuwa da ita a yau, kuma a 2014 aka haɗa DeLong da Benabid aka ba su lambar yabo ta Lasker ta binciken likitanci.

Na kawo wannan tarihi da ɗan tsawo ne domin in fara rufe ƙofa ga wani kuskure da nake yawan ji a majalisunmu, inda ake cewa duk binciken da ba a ga amfaninsa a bana ba ɓarnar kuɗi ne. Tsakanin wayar farko da DeLong ya zura a ƙwaƙwalwar biri da majinyacin farko da ya amfana akwai fiye da shekara 20. Ita kanta ƙwayar da ta miƙar da Kawu haka tarihinta yake. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya ba zomaye maganin da ya sandarar da su, sannan ya yi musu allurar lebodofa, wato sinadarin da ke cikin ƙwayar Kawu, suka miƙe, abin da ya kai shi ga nuna cewa sinadarin dofamin saƙo ne da ƙwaƙwalwa take buƙata domin motsi. A 1960 Oleh Hornykiewicz a birnin Biyana ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar ya tarar dofamin ɗin ya ragu ƙwarai, a 1967 kuma George Cotzias a Amurka ya gano cewa idan aka riƙa ƙara adadin maganin kaɗan-kaɗan ta baki, majinyaci yana jurewa kuma yana samun sauƙi mai ɗorewa. Lambar Nobel ba ta iso ga Carlsson ba sai a shekarar 2000. Wanda yake son girbi a irin wannan gona dole ya yarda cewa mai shuka ba lallai ne ya ci ba.

To amma akwai kuskure na biyu, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo saboda masu ilimi ne suke yin sa. A jami'o'inmu malami yana hawa daga mataki zuwa mataki ne da yawan maƙalun da ya wallafa da darajar mujallun da suka ɗauke su, yanzu kuma an ƙara da wani ma'auni da masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, wanda yake haɗa yawan maƙalu da yawan ambaton da suka samu ya fitar da lamba guda. Ba na cewa lambar banza ce. Aikin da masana dubu suka dogara da shi lallai ya taɓa wani abu, kuma maƙalun DeLong suna cikin waɗanda aka fi ambata a fagensu domin sun cancanta. Matsalar ita ce ambato yana nuna cewa masana sun karanta masani, ba ya nuna cewa wani abu ya sauya a ɗakin majinyaci. Masanan da suka ƙirƙiro wannan al'ada ma sun fara ja da baya, domin tun a taron da aka yi a San Faransisko a ƙarshen 2012 aka fitar da sanarwar da ta nemi a daina auna mutum da sunan mujallar da ya yi rubutu a ciki. Mu kuwa mun karɓi mudun a daidai lokacin da masu shi suka fara shakkar sa, muka riƙe shi da hannu biyu.

Ga abin da mudun ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke fama da cutar Parkinson, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Lebodofa tana cikin jerin magungunan da hukumar ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba, kuma ta haura shekara 50 a duniya. Duk da haka, binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka yi a kantunan magani na sassan Nijeriya ya nuna cewa an fi samun maganin a kantuna masu zaman kansu fiye da na asibitocin gwamnati, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Wannan magani ne da ake sha sau uku ko fiye a rana har ƙarshen rayuwa. Abin da ake samu a sauƙaƙe shi ne benzhexol, wanda yake rage karkarwa amma yana iya rikita tunanin tsoho, ya busar masa da baki, ya riƙe masa fitsari. Kuma duk mazaunin Kaduna ya san wannan ƙwaya da wani suna, wato Exol, wadda jami'an NDLEA suke kamawa a hannun matasa. Abin takaici ne a ce maganin cutar motsi ya fi shahara a unguwanninmu a matsayin kayan maye, alhali cutar da aka yi shi dominta ko suna tsayayye ba ta da shi a bakin jama'a, sai dai a ce ciwon karkarwa, a haɗa ta da zazzaɓi da tsufa da tsoro a kwando ɗaya.

Za a ce mini, kuma an sha faɗa mini, cewa kai magani kanti aikin gwamnati ne da 'yan kasuwa, ba aikin mai bincike ba ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Gwamnati ba ta sayen maganin cutar da ba a ƙirga masu ita ba, ɗan kasuwa ba ya shigo da kayan da bai san yawan masu nema ba, kuma ƙirgar nan bincike ce cikakkiya mai buƙatar ƙwarewa. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya nuna haka tun da daɗewa. Shi ne ya bi diddigin wata cutar jijiya da take sa mutane tangaɗi da raunin gani a kudu maso yamma har ya danganta ta da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba, kuma tawagarsa ce ta bi gida-gida a garin Igbo-Ora ta ƙirga masu cutar Parkinson, aka kwatanta da baƙaƙen fata na wata gunduma a jihar Misisifi ta Amurka, aka wallafa a 1988. An samu cutar ta fi yawa a can fiye da nan, abin da ya sa aka fara tambayar ko muhalli yana da hannu. Wannan aikin ƙafa ne da takarda da biro, kuma har yau ana komawa gare shi.

Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wato binciken da aka yi a nahiyarmu yana gyara ilimin duniya baki ɗaya. Shekaru da dama likitocin Turai suna jinkirta ba majinyaci lebodofa saboda tsoron cewa daɗewa a kanta ne yake jawo fizge-fizgen jiki da ake gani daga baya. Sai Roberto Cilia da abokan aikinsa suka kwatanta majinyatan Gana, waɗanda rashin hali ya sa suka daɗe ba su fara shan maganin ba, da majinyatan Italiya, suka wallafa a 2014 cewa fizge-fizgen yana bin daɗewar cutar ne da yawan adadin da ake sha a rana, ba daɗewa a kan maganin ba. A 2023 kuma wani babban bincike da Farfesa Okubadejo take cikin jagororinsa, wanda mafi yawan majinyatansa 'yan Nijeriya ne, ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da yake ƙara haɗarin cutar ga mutanen da asalinsu Afirka ne, sauyin da ba a gan shi ba a baya domin kusan duk jinin da ake aunawa na Turawa ne. Saboda haka wanda ya tsaya ya yi nazarin majinyatanmu ba aikin ƙasa-ƙasa yake yi ba.

Tambayoyin da ke gabanmu a jihar Kaduna ba wanda zai taso daga Amurka ko Faransa ya amsa mana su. Manomanmu na masara a Saminaka da Giwa da masu citta a Kaciya suna goya tankin feshi a baya ba safar hannu ba takunkumi, kuma maganin ciyawa na paraquat, wanda Tarayyar Turai ta hana tun 2007 kuma NAFDAC ta sanar da janye shi, yana cikin sinadaran da bincike a wasu ƙasashe ya alaƙanta da ƙarin haɗarin cutar. Alaƙa ba hujjar sanadi ba ce, shi ya sa ake buƙatar wanda zai bi waɗannan manoma shekara da shekaru. Masu walda a Panteka suna shaƙar hayaƙin da ke ɗauke da ƙarfen manganis, wanda an san yawansa a jiki yana haifar da ciwo mai kama da Parkinson. Magungunan taɓin hankali irin su haloperidol, da ma maganin amai na metoclopramide da ake saya a kemis ba takardar likita, suna iya sandarar da mutum ya yi kamar mai cutar, kuma sau da yawa yana warwarewa idan an sauya maganin. Garin da yake da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ya fi kowa dacewa ya san yawan waɗanda abin ya shafa. Sai kuma karara, wadda yaran ƙauye suke gudu saboda ƙaiƙayinta: ƙwayarta tana ɗauke da lebodofa, an gwada garin soyayyar ƙwayar a kan majinyata kaɗan aka ga yana aiki, ko da yake a gwajin da ya ɗauki watanni wasu sun kasa jurewa saboda damun ciki. Ba ina cewa kowa ya shiga daji ya ɗebo ba ne, domin adadin sinadarin yana bambanta daga iri zuwa iri kuma wuce kima yana da illa. Ina cewa ne jihar da take da cibiyar binciken aikin gona a Samaru da tsangayar harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwa a Shika da na Barau Dikko tana da duk hannayen da ake buƙata domin a auna irin da ke tsirowa a nan, a san abin da ke cikinsa.

Na san akwai mai cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa suka addaba ba ta da sararin kula da karkarwar tsofaffi. Ba zan yi gardama a kan wanne ya fi kisa ba. Sai dai abin da nake nema ba injin miliyoyin dala ba ne, ba kuma tiyatar dasa waya ba ce, wadda ko a ƙasashe masu arziki ba kowane majinyaci ake yi wa ba. Gane cutar Parkinson har yau da ido da hannu ake yi, da kallon tafiya da taɓa gwiwar hannu, kuma ma'aikacin lafiya na matakin farko yana iya koyon alamun da za su sa ya tura mutum gaba. Abin da ya rage shi ne a fassara takardun gwajin zuwa Hausa a tabbatar sun yi daidai, a buɗe rajistar majinyata, a bi farashin magani wata-wata, a kai sakamakon gaban hukumar inshorar lafiya ta jiha. Duk wannan aikin masani ne, amma a tsarin da muke da shi matashin likitan da ya ba shi shekara biyar zai tarar abokinsa da ya yanka bincike ɗaya gida huɗu ya aika wa mujallu huɗu ya riga shi zama farfesa. Mutane suna bin inda lada take, kuma ba zan zarge su ba.

Shi ya sa nake ganin gyaran yana hannun majalisun dattawan jami'o'i da asusun TETFund, waɗanda su ne suke yanke abin da ake sakawa a mudu. Ba a buƙatar a zubar da maƙala, domin binciken da ba a rubuta aka bari masana suka tantance ba labari ne kawai. Abin da ake buƙata shi ne a buɗe wani shafi a takardar neman ƙarin girma inda mai nema zai nuna, da shaidar da za a iya bincika, abin da ya sauya saboda aikinsa: maganin da ya shiga jerin inshora, ma'aikatan da aka horar, rajistar da wasu suke amfani da ita, ɗaliban da suka tsaya a fagen. A kuma ware wani kaso, ko yaya ƙanƙantarsa, ga mai sauraron ƙwayar jijiya guda ɗaya wanda ba zai iya yin alƙawarin komai ba cikin shekara goma, domin cibiyar binciken da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu ta nuna cewa irin wannan ɗakin gwaji yana iya tsayuwa a Arewa.

Kawu yana nan da ransa, ya bar wa yaransa keken, shi kuma yana zama a bakin shago yana duba yanka. Maganinsa wani direba ne yake taho masa da shi daga Kano idan ya yanke a nan, kuma a watan da kuɗi suka yi ƙaranci na tarar yana raba ƙwayar biyu da reza. Na ce, "Kawu, ai likita cewa ya yi guda za ku riƙa sha." Ya ce, "Na sani, ɗana, amma rabi yana kai ni masallaci in dawo, gudan kuwa ba zai kai ni ƙarshen wata ba." Na koma asibitin da aka fara ganinsa domin a sake duba adadin, aka nemi katinsa aka rasa, aka buɗe masa sabo, a gurbin cuta kuma ma'aikacin ya rubuta rawar jiki.